Gahawar Baba da Kifin Argungu

Tun da hantsi Hamida ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga kicin, ta fito, ta leƙa ƙofa, ta sake komawa. Yau ne iyayen mijinta Ikrama za su fara taka gidansu na unguwar Gesse, ga shi Inna Luba, uwar mijin, tun kafin aure take faɗin ɗiyar masunta ba abin da za ta kawo musu sai ƙarnin kifi.

Baba, mahaifin Ikrama, mutum ne mai son gahawa, don haka Ikrama ya sayo gari mai kyau ya ba Hamida ajiya. Ita kuwa baiwar Allah, a gidansu na Argungu duk abin da ake ji da shi a kwandon rataye ake sa shi. Nan ta cusa ledar, jikin bandar kifin da uwarta ta aiko. Kwana tara cur!

Da suka iso ta haɗa gahawar ta kawo, Baba ya kurɓa sau ɗaya ya aje kofin. Inna Luba ta fizga ta shinshina.

"Ikrama! Mi nic ce maka? Har gahawa ta koma romon kihi! Ko ta tahi gidansu, ko in bar taka gidanga!"

"Inna, laifina ne, ni ban gaya mata—"

"Rufa mini baki!"

Hawaye suka wanke wa Hamida fuska, amma ta durƙusa ta ba da haƙuri. Baba ya miƙe, ya ce Juma'a za su dawo, kafin nan kada kowa ya tafi ko'ina.

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta faɗa gidan maƙwabciyarta Kezia, ma'aikaciyar jinya mai shan gahawa kullum.

"Anti, in sa gahawar a firij?"

"Firij? Kul! Gahawa kamar soso take, duk warin da ke kusa sai ta zuƙe. Ki samu kwalba busasshiya mai murfi tsam, ki ɓoye a kabad, nesa da rana da wuta. 'Ya'yanta za ki saya, ki riƙa daka daidai na sha ɗaya."

Haka Hamida ta yi, amma kullum sai ta buɗe kabad ta duba kwalbar nan, Ikrama yana lallashinta.

Ran Juma'a ta daka a sabon turmi, ƙamshi ya game falo. Baba ya shanye, ya miƙo kofi a ƙara. Inna Luba ta shinshina har sau uku tana neman abin faɗa, ta rasa. Can ta kau da kai.

"Kihin nan na Argungu... da saura?"

Hamida ta yi dariya da hawaye, ta ruga ta sauko da kwandon gaba ɗaya.

'Yan mata, kuskure ba ya kashe aure, girman kai ne ke kashe shi. Da Hamida ta mayar da magana ranar nan, da yanzu tana Argungu. Ta yi haƙuri, ta tambaya, ga shi yau Inna Luba da bakinta take kiranta "ɗiyata".