Igiyar Tabawa

Ranar Laraba ce, ƙarshen damina. An yi ruwa tun hantsi, bai ɗauke ba sai la'asar. Gajimare ya sauko ya rufe kan Dutsen Kurgum, ba a ganin komai sai gindinsa.

Ku gyara zama. Mai jin tsoro ya matso kusa da fitila, amma kada a katse ni.

Nomau ya haura shekara sittin a lokacin. Ba mai yawan magana ba ne. Da safen ranar ya kai wa Tabawa gero, kamar yadda ya saba. Tabawa matar yayansa ce, marigayi Jatau. Ta tsufa, idanunta sun tafi, ciwo ya kwantar da ita a ɗakinta na bakin gari.

"Nomau ne?" ta ce. "Na san tafiyarka. Kana jan ƙafa kamar ɓarawon kaji."

"Ni ne, Yaya. Ga gero."

"Ajiye. Ban ga alamar zan ci shi ba." Ta laluba ta kama hannun rigarsa. "Matso. Ina so ka yafe mini kafin in tafi. Igiyata ce ta raba ka da ɗan'uwanka. Shekara talatin da huɗu kana ciyar da ni, ko sau ɗaya ba ka goranta mini ba."

Nomau ya janye hannun rigarsa a hankali.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya ce. Ya fita.

Ga abin da ba ta sani ba.

Gidan su Nomau masu ɗiban zuma ne. Ƙudan Kurgum ba ya shiga amya, a cikin tsagar dutse yake zama, inda ko biri ba ya kaiwa. Mutum biyu ke aikin. Ɗaya ya sauka da igiya, da ƙwarya da bakin wuta. Ɗaya ya zauna a sama, cikin wani rami da ake kira mazauni, igiya ɗaure a ƙugunsa, ƙafafunsa tokare da dutse. Doka ɗaya ce. Mai riƙo ba ya tashi, ba ya kwance igiya, ko wa ya kira shi. Kakanni sun ce dutsen yana da masu shi, kuma sukan kira mutum su gwada shi.

Jatau ke sauka. Nomau ke riƙo. Tabawa ke tufka igiyar da ɓawon kuka. A wurin ubanta ta gaji sana'ar, duk yankin ba wanda ya kai ta.

Wata bazara wani Bature ya zo daga Ingila. Ba joji ba ne, ba mai awon ƙasa ba ne. Tafinta ya ce aikinsa hawan dutse. Ya hau duwatsun da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu, yana ɗaukar hoto, yana rubuta littafi a kan abin da ya gani. Mutane suka yi ta dariya. Mutum ya hau dutse ba don zuma ba, ba don ciyawa ba, ya sauko hannu wofi! Takalminsa cike da ƙusoshi, in yana tafiya a kan fa sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Aka sa masa suna Mai Ƙusa. Hausarsa ba ta wuce kalma uku ba: sannu, tashi, da kyau.

Kwana huɗu yana bin su. Hoton Jatau yake ta ɗauka. Jatau rataye a igiya, Jatau cikin hayaƙi, Jatau da saƙar zuma a hannu. Tafinta ya ce hotunan za su shiga littafi, mutanen Ingila su gani. Nomau yana zaune a rami kamar turke, ba wanda ya dube shi. Abin ya ci masa rai.

Rana ta biyar, Jatau yana ƙasa, sai Mai Ƙusa ya juyo da akwatin hotonsa.

"Tashi," ya ce. Ya ɗaga hannu. "Tashi. Da kyau."

Baturen bai san doka ba. Nomau ya sani.

Akwai busasshen kututturen ɓaure a bakin ramin. Nomau ya kwance igiya daga ƙugunsa, ya ɗaura a jikin kututturen. Ya ce a ransa ɗan lokaci ne. Ya miƙe, ya turo ƙirji, ya yi murmushi. Akwatin ya yi ƙyas.

Kututturen ya tuge.

Jatau bai yi ihu ba. Ƙarar fashewar ƙwarya kawai suka ji, can ƙasa.

Nomau ya riga kowa sauka. Ya tarar da yayansa ya cika. Igiya tana nan lafiyarta lau, kututture ɗaure a bakinta. Ya zaro wuƙa ya yanke ta kusa da ƙullin. Ya jefa kututturen cikin wata tsaga mai zurfi. Ya ɗauki dutse ya daddaka bakin igiyar da ta rage, har ta yi kama da wadda ta tsinke don kanta. Yana cikin dakan ya ji ƙwas, ƙwas a bayansa. Ya ɗaga kai. Suka dubi juna shi da Baturen.

A gari Nomau ya ce igiya ta tsinke. Aka tambayi Mai Ƙusa ta bakin tafinta, ya gyaɗa kai. Bayan kwana uku ya tafi.

Daga ranar ba wanda ya sake sayen igiyar Tabawa, ko ta ɗaure akuya. Ba wanda ya nemi aurenta. Mata suna nuna ta da baki a rijiya. Ita ma ta yarda. Ta ƙone sauran ɓawon kukar da ke ɗakinta. Nomau ya bar zuma ya koma kiwo, bai sake taka dutsen ba. Bayan wasu shekaru malamin makaranta ya ce ya gani a jarida, Baturen nan ya mutu a wani dutse mai nisa, ƙanƙara ta rufe shi.

To, mu koma Larabar.

Da ruwa ya ɗauke Nomau ya ƙirga awakinsa, babu ɗaya. Baƙar akuya mai ciki. Ya bi sawunta. Sawun ya kai shi gindin Kurgum, ya hau tsohuwar hanyar masu zuma. Ya tsaya. Sai ya ji kukanta a sama, kusa-kusa. Ya ce bari ya ɗan taka.

Ya taka. Kukan ya ƙara gaba. Ya ƙara takawa.

Gajimare ya rufe shi. Ba tsuntsu, ba kwaɗo, duk da ruwan da aka yi. Sai sanyi. Ba irin sanyin da muka sani ba. Wannan yana shiga haƙori.

Bai ankara ba sai ga shi a bakin mazauni.

Akwai mutum zaune a ciki.

Dogon mutum ne, fari, da akwatin hoto rataye a wuya. Gashin bakinsa fari fat da ƙanƙara. Ya tashi ya nufo Nomau. Nomau ya dubi ƙafafunsa. Takalmin nan ne mai ƙusoshi. Yana taka dutse, amma ba ƙwas, ba komai. Inda ya ɗaga ƙafa, ruwan da ya kwanta a wurin ya daskare.

"Ɗan Inna," mutumin ya ce. "Ka daɗe."

Hausa ce tsantsa, ta Kurgum. Kuma muryar Jatau ce. Duk duniya Jatau kaɗai ke kiransa Ɗan Inna.

Nomau ya fara karanta addu'ar da ta zo bakinsa.

"Karanta," mutumin ya ce. "Ba cutar da kai na zo yi ba."

"Matacce ba ya dawowa."

"Ba ya dawowa."

"To kai wane ne?"

"Maƙwabci. Fuskar aro ce. Muryar ma aro ce. Abin da aka yi a kan dutsen nan, a wurinmu yake ajiye."

"Akuyata nake nema."

"Tana gida. Ni na yi kukan."

Nomau ya ja da baya.

"Mai fuskar nan ya hau dutse a ƙasa goma sha ɗaya," baƙon ya ce. "Ya rubuta littafi bakwai. Sarakunansu sun rataya masa lamba. A littafi na uku ya rubuta cewa igiya ta tsinke, kamar yadda ka faɗa. Hoto ɗaya ne bai taɓa nuna wa kowa ba. A aljihun ƙirjinsa yake yawo da shi. Kwana biyu ya yi a ƙarƙashin ƙanƙara kafin ransa ya fita. Ka san abin da yake ta cewa?"

"Ban sani ba."

"Ba sunan matarsa ba. Kalmar Hausa ɗaya. Tashi. Tashi. Yana faɗa yana kuka."

"Wa ya gaya maka?"

"Duwatsu suna jin labarin juna."

Baƙon ya sa hannu a aljihu, ya miƙo takarda. Nomau ya karɓa. Sanyinta ya ƙona masa yatsu. Ya duba. Saurayi ne tsaye, ƙirji a waje, haƙora duk a fili. Bayansa kututture ya karkata, saiwarsa ta fito daga ƙasa. Igiya a miƙe tsam, ba inda ta sami rauni.

Nomau ya daɗe yana kallon murmushin nan.

"Shi bai san doka ba," ya ce a hankali. "Ni na sani."

"Ka sani."

"In ran nawa kuke so, ga ni. Gaɓar dutsen ba nisa."

"Me za mu yi da ranka? Kai ma ka sami sauƙi, ka bar Tabawa da kayanka a ka?"

"Ta tsufa. In na faɗa mata yanzu, zai kashe ta."

"Ɗan Inna. Ita kake ji wa tsoro, ko kanka?"

Nomau ya ce, "Ba ta gani. Hoto ba zai yi mata komai ba."

"Mun sani."

Baƙon ya sunkuya cikin mazauni. Ya ɗago da wani abu ya ajiye a gaban Nomau. Kututturen ɓaure ne. Guntun igiya ɗaure a jikinsa, da ƙullin Nomau. Shekara talatin da huɗu, gara ba ta taɓa shi ba. Igiyar har ƙamshin ɗanyen ɓawo take yi. Bakinta a yanke, sumul, yankan wuƙa.

"Kwanan da ya rage wa Tabawa bai kai bakwai ba," baƙon ya ce. "Kada ka tambaye ni yadda na sani. Ɗauki. Sauka. Kada ka waiwaya."

Nomau ya ɗora kututturen a kafaɗa. Ya juya. Ya yi taku goma, ashirin. Sai ya ji a bayansa, sau uku kacal: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bai waiwaya ba.

Ana kiran magariba ya shigo gari. Baƙar akuya tana turkenta tana tuƙa. Ya laluba aljihu, hoton ya narke, sai ruwa mai sanyi ya jiƙa masa riga. Kututturen yana nan. Ya tura shi ƙarƙashin gado. Bai ci tuwo ba. Sau biyu ya ɗauko shi zai sa a murhu. Sau biyu ya mayar.

Shi ya sa nake gaya muku, kada wanda ya hau hanyar masu zuma shi kaɗai, musamman in gajimare ya sauko. Masu dutsen ba duka suke yi ba, ba shaƙewa. Abinka da ka ɓoye suke miƙo maka. Ba kowa ke iya saukowa da shi ba.

Da gari ya waye Nomau ya yi sallah. Ya biya gidan mai unguwa, ya ce ya zo da liman da duk tsohon da ya san Jatau. Mai unguwa ya ce lafiya? Ya ce su dai zo. Ya biya rijiya, ya ce wa matan su ma su zo.

Suka taru a ƙofar ɗakin Tabawa. Aka fito da ita aka jingina ta da bango.

"Wannan taron fa?" ta ce. "Ban mutu ba tukuna."

Nomau ya durƙusa. Ya ɗora kututturen a cinyarta, ya kama hannunta ya aza a kan igiyar.

Yatsunta suka bi ta a hankali. Suka tsaya. Suka sake bi.

"Tufkata ce," ta ce. "Uku-uku nake yi. Ina ka samo?"

"Ci gaba, Yaya."

Ta taɓa ƙullin. Ta taɓa itacen. Ta kai bakin igiyar, ta shafa shi da babban yatsa, sau ɗaya, sau biyu.

"Wannan ba tsinkewa ba ce," ta ce. "Wuƙa ce."

"Wuƙata ce."

Hawaye yana bin kuncinta, hannunta damƙe da igiyar. Nomau ya sunkuyar da kai, ya fara magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya," Tabawa ta ce. "Na rijiya ba sa ji."

Ya ɗaga. Ya fara tun daga ranar da Mai Ƙusa ya shigo gari.