Ɗalibin Kujerar Baya

Maganar ta tsaya mata a maƙoshi, ta ƙi fita, ta ƙi komawa.

Auta tana tsaye gaban farin allo, alƙalamin rubutu ya jiƙe da gumi a hannunta. Ta rubuta “Zaizayar Ƙasa” da manyan baƙaƙe, tana juyowa sai komai ya gudu daga kanta. A gefe malaman jami'a ne jere a dogon tebur, tsakiyarsu Farfesa, wata dattijuwa mai tabarau a karan hanci, ba fara'a ba fushi. Gurbin malami ɗaya ne tak a sashen labarin ƙasa. Da yake ɗalibai suna hutu, Farfesa ta sa sauran masu neman aikin su zauna a matsayin 'yan aji, kowa ya yi darasin gwaji a gaban abokan takararsa.

A can kujerar baya kuwa, Dogo ne zaune, ya rasa inda zai sa ƙafafunsa.

Shi wannan Dogon, a bencin jiran ganawar neman aiki suka san juna. Duk inda aka buɗe gurbi sai su haɗu, ita da jakar takardunta, shi da rigarsa guda ɗaya mai guga. Tun ana gaisuwar “an zo lafiya”, har aka kai ga yana ajiye mata wuri, har ta fara jin haushi in ya makara. Rashin aiki ya cinye musu shekaru, amma dai ya bar musu juna.

Matsalar Auta ba ilimi ba ce, kowa ya sani. A gida in ta fara bayani sai Mama ta roƙe ta ta bar mutane su ci abinci. Amma da zarar ta tsaya gaban masu tantancewa, sai harshe ya mutu murus. Don haka suka ƙirƙiro atisaye a falon Yayarta: Yaya tana guga a gefe tana dariya, Auta tana koyarwa, Dogo ya koma kujerar baya ya zama ɗalibin da ya fi kowa iya shege. Ya yi hamma, ya ƙwanƙwasa tebur, ya jefo tambayar da ba kai ba gindi. Da ranta ya ɓaci sai tsoro ya tafi, malama ta fito.

Shi kuwa Baba, tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, da maganar aurenta da Dogo ta taso, magana ɗaya ya yi: yaron yana da hankali, amma ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba shi da wurin zuwa da safe. Mama ta ɗora nata, wai dakta biyu a gida ɗaya, tukunya ba wuta, digirin za su dafa? Ga shi yau Dogo ya riga ta yin nasa darasin, ya yi shi tsaf, har Farfesa ta gyaɗa kai. Aikin ya kusa shiga aljihunsa, auren yana biye.

Sai wani Mai Kwat, ɗan takara mai ƙamshin turare, ya tare ta a bakin ƙofa kafin ta shiga, ya ce cikin murmushi ai ya ji labarin yadda ta daskare a ganawar baya, Allah Ya sa yau a dace. Ya san abin da yake yi, munafuki.

To ga shi ta daskare ɗin.

Wata zuciyar ma har tana lallashinta: ki yi shirunki, Auta. Ki faɗi, ya samu, Baba ya amince, a wuce wurin. Dama ta riga ta rantse wa Dogo cewa wannan ce ganawarta ta ƙarshe, in ba ta samu ba ta haƙura da allo har abada. Idonta ya ciko. Tana son Dogo, wallahi tana sonsa, amma allon nan ma tun tana 'yar ƙarama take sonsa.

Sai aka ji hamma.

Ba ƙaramar hamma ba, irin mai sauti wadda ake miƙe hannuwa sama. Duk ajin ya waiwaya. Dogo ya zame a kujera, ya ɗaga hannu a kasalance.

“Malama... wannan abin zai fito a jarrabawa? In ba zai fito ba mu tafi, yunwa muke ji.”

Wani malami ya ajiye alƙalaminsa. Farfesa ta sauke tabarau ta dube shi. Auta ta zaro ido, tana yi masa alama ya bari, ya rufa wa kansa asiri. Ko a jikinsa.

“Kuma Malama, ƙasar da ruwa ya kwashe, ai ba ɓata ta yi ba, tana can wani wuri. A je a ɗebo ta mana, mene ne na damun mutane?”

Nan fa ranta ya ɓaci, ɓacin gaske. Mutum ya wahala shekara da shekaru, ya zo bakin samu, sannan ya tsaya yana wasa da abincinsa?

“Kai na baya, zauna daidai.”

Ita kanta ba ta san muryar ta fito ba. Dogo ya gyara zama kamar yaron da aka kama.

“Ka ce a je a ɗebo ta? Madalla. Zo nan, kai za ka ɗebo mana.”

Ta fito da shi gaban aji, ta miƙa masa kwalbar ruwanta, ta ɗauko tukunyar fulawar da ke kan taga. Ta sa ya zuba ruwa ta gefen da ganye ya rufe, ruwan ya nutse lafiya. Ta sa ya zuba ta gefen da ƙasa take tsirara, sai ga jan ruwa yana gangarowa kan takalminsa. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta bi ƙasar nan daga gona zuwa kwari, daga kwari zuwa kogi, ta nuna yadda take cike madatsar ruwa ta bar manomi da tsakuwa. Mai Kwat ya jefo tambaya mai ƙaya don ya tuntsurar da ita, ta amsa masa a tsaye, har ta gyara masa sunan marubucin da ya ambata. Lokaci ya ƙare ba wanda ya duba agogo.

Farfesa ta mayar da tabarau, ta ce da Dogo darasinsa ya yi kyau, sai dai jami'a ba ta saba ɗaukar malamin da ke hamma a fuskar manya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranki ya daɗe, na yi kuskure.”

Aikin dai Auta aka ba.

A barandar waje ta same shi yana goge takalmi da takarda. Ta tsaya a kansa, ga dariya ga hawaye.

“Ka san abin da ka zubar kuwa?”

“Ruwa ne kawai, zai bushe.”

“Dogo, ba wasa nake ba. Baba fa...”

Ya ɗago ya dube ta. “Ni bakina ba ya mutuwa, Malamata, ko ba jima ko ba daɗe zan samu wani wurin. Ke kuwa da kin fita ƙofar nan a haka, kin fita ke nan. In aure ki, kullum in riƙa ganin kina kallon allo daga nesa? Ba zan iya ba.”

Sai ta ce masa hammar ma ba ta yi kyau ba.

A gida an yi murna, Mama har da rawa a tsakar ɗaki, sannan ta tuna ta ce to shi kuma dogon fa, yana nan jiya i yau? Auta ta durƙusa gaban Baba ta zayyana masa komai, ba ta rage ko hammar ba. Baba ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce a gaya wa yaron ya zo ranar Asabar da darasin nan nasa, yana so ya ji da kunnensa.

Dogo ya zo da rigarsa mai guga. An jingina tsohon allon Baba a falo. Mama da Yaya suka zauna a gaba, Auta ta laɓe a bakin ƙofa, Baba kuwa ya ja kujera can baya ya harɗe.

Dogo ya fara ke nan, ko jimla biyu bai haɗa ba, sai Baba ya saki hamma. Doguwa, mai sauti, har da miƙa. Yaya ta toshe baki da gyale. Dogo ya share gumi ya ci gaba. Baba ya ƙwanƙwasa hannun kujera, ya tambaya ko abin zai fito a jarrabawa. Mama ta ce, “Malam, ka ji tsoron Allah, ka bar yaron mutane.” Baba ya ce shekarunsa nawa yana fama da 'yan kujerar baya, yau dai bari shi ma ya ɗana.

Dogo ya daure ya kai ƙarshe, ya tambaya cikin ladabi ko akwai mai tambaya.

Baba ya ɗaga hannu.

“Malam, ni tambayata ba ta cikin darasi.”

“Ina ji, Baba.”

“Aiki dai za ka samu, wannan na gani da idona. Wanda zai zubar da nasa don 'yata ta tsaya da ƙafarta, shi ne ban san zan gani ba.” Ya gyara hula. “Yaushe manyanka za su zo?”

Dogo ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Mutumin da ya ce bakinsa ba ya mutuwa, ga shi tsaye gaban allo ya daskare ƙam, da alli a hannunsa.

Daga bakin ƙofa, Auta ta share hawayenta, ta miƙe hannuwa sama, ta yi hamma.