Muryar da ta Amsa Sha Bakwai

Ranar Alhamis ta ƙarshen Fabrairu na kama hanyar sansaninmu na bakin tafki a yankin Värmland, raina a ɓace tun daga gida. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wannan sansani na hutun yara, ban taɓa ganin hunturu mai cin rai irin na bana ba. Hukumar gari ta rubuto cewa gadar katakon da yara ke tsalle daga kanta su faɗa ruwa ta ruɓe. In ba a sake ta ba kafin mai duba wuri ta zo a watan Mayu, to babu wanka a bana. Yara arba'in ake kawo mana daga birni duk bazara, waɗansunsu ba su taɓa tsoma ƙafa a tafki ba. Don wankan nan suke zuwa, ba don kyawun fuskata ba.

Turakun gada kuwa tun tafki na daskare ake kafa su. A tsaya a kan ƙanƙara, a huda ta, a buga turke har ƙasa. Da ta narke, shi ke nan, sai baɗi. Kafintanmu Sixten, tsoho mai shekara saba'in da ke ji da kunne ɗaya, tun Janairu yake ce mini saura kaɗan.

Ina cikin tuƙi Bertil, shugaban kwamitinmu, ya kira.

"Gunvor, wasiƙar labarai ta iyaye fa? Ki sa musu abu mai daɗi. Ki sa hoton sabuwar gada."

"Wace gadar, Bertil? Turaku huɗu ne a tsaye kamar haƙoran tsohuwa."

"To ki ɗauko su ta gefen da ya fi kyau."

Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai sa a kore ni.

Ƙarfe biyar na isa, rana ta kusa faɗuwa. Ɗakunan kwanan yara duk a rufe, dusar ƙanƙara har bakin taga. Wurin na warin hayaƙin itace da man injin zarto. Na ajiye kwalin sababbin usur da na sayo a ofis, na rataya ɗaya a wuya don in gwada, na gangara bakin tafki.

Can na hango Sixten a durƙushe wajen turke na ƙarshe, ya juya mini baya, ga filas ɗin kofinsa a gefe. Turakun nan dai huɗu ne, yadda na bar su makon jiya. Na taka kan ƙanƙarar na nufe shi ina kira.

"Sixten. Kai tsoho, da kai nake."

Ko gezau. Na sake kira, shiru. Haushi ya cika ni, na sa usur a baki na busa. Sau uku na busa, don bakina bai san wata busa ba.

A sansaninmu kowane yaro da lambarsa tun ranar da ya zo. Idan lokacin wanka ya ƙare, nakan busa usur sau uku. Kowa ya tsaya cak a cikin ruwa, su faɗi lambobinsu bi da bi, daga ɗaya har arba'in. In lissafi ya cika sai in ce, "An cika, kowa ya fito." Da haka muke sanin ruwa bai ci ɗan kowa ba.

Sixten ya waiwayo a firgice. Ya buɗe baki zai yi mini masifa, sai ya fasa.

Daga tsakiyar tafki, ta ƙarƙashin ƙanƙara, wani abu ya ƙwanƙwasa sau ɗaya.

"Ɗaya."

Muryar yaro ce, a shaƙe, kamar ana magana cikin tulu.

"Biyu."

Wannan ta yarinya ce, ta kuma fi ta farko kusa.

Na dubi gaɓar tafki ko wasu 'yan iska ne suka shigo da rediyo. Ba kowa, sai sawun ƙafata. Wani wari ya taso ta ramin da Sixten ya huda, warin laka da jiƙaƙƙen tawul da aka manta a jaka.

Sixten ya rarrafo kusa da ni. Ya ce a hankali, "Me kika busa?"

"Na kiran lissafi."

"A wannan watan? Haba Gunvor."

Takwas. Tara. Goma. Kowace lamba da ƙwanƙwasarta, kuma ina jin ta a tafin ƙafata.

Sha biyar. Sha shida.

"Sha bakwai."

Na san wannan muryar. Siririya ce, tana jan ƙarshen kalma kamar mai jin barci. Na ji ta bara a watan Agusta. Ranar na busa, lissafi ya cika, yara suka fito. Da yamma mai dafa mana abinci ta ce Tindra, yarinya mai lamba sha bakwai, a kicin ta wuni da ciwon ciki, ba ta je wanka ba. Na yi ta musu da ita, har na ce tsufa ne ya fara taɓa ta, don da kunnena na ji an amsa sha bakwai.

Ashe an amsa ɗin.

Talatin. Ƙanƙarar ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Talatin da tara.

"Arba'in."

Daidai ƙarƙashin takalmina aka faɗe ta.

Sai tsit. Iska ma ta tsaya. Na duba ƙasa. Ta cikin ƙanƙarar na ga tafukan hannu ƙanana, farare, sun manne daga ciki. Da yawa. Ba sa motsi.

Ni suke jira.

Shekara goma sha ɗaya bakina na faɗin abu guda bayan arba'in. Ban san sanda ya buɗe ba.

"An cika, kowa ya..."

Sixten ya toshe mini baki da safar hannunsa mai warin fetur.

"Kada ki ƙarasa," ya raɗa mini. "Kwanta. Ja ciki."

Ƙanƙarar ta tsage daga ramin zuwa gabanmu. Baƙin ruwa ya malalo. Filas ɗin kofi ya gangara, wani abu ya janye shi ƙasa ba ko ƙara.

Muka ja ciki. Ruwa ya jiƙa mini wando har cinya.

A bayanmu muryar nan ta sake cewa, a hankali, kamar mai tuni:

"Sha bakwai."

Ban waiwaya ba sai da hannuna ya kama ciyawar gaɓa.

A mota Sixten ya kunna na'urar ɗumama, haƙoransa na kaɗawa. Na ce, "Ka san da su?"

"Kakata takan ce tafkin nan da masu shi. Ni dai ban taɓa kiran su ba."

Abin takaici, tsohon nan da ya shafe wata biyu a kan turke huɗu, cikin kwana shida ya gama gadar. Da safe yake zuwa da surukansa biyu, kafin azahar sun tattara kaya.

A watan Mayu mai duba wurin ta zo, wata mace mai fara'a, Ylva. Ta taka gadar, ta jijjiga ta, ta ce ba ta ga mai kyanta ba a duk yankin.

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Nuna mini yadda kike tabbatar da kowa ya fito daga ruwa, in sa hannu."

Na dubi takardar da ke hannunta. Wata uku ina juya maganar nan a raina. Idan yaro ya nutse, aka amsa lambarsa a madadinsa, zan ce an cika, in juya in tafi cin abinci. Na yi tunanin in riƙa ƙirga kawuna da ido. To, wanda ya iya aron murya, aron kai ne zai gagare shi?

Na ce, "Ba ni da hanyar da na yarda da ita."

"Kin san abin da zan rubuta ke nan?"

"Na sani. Rubuta."

Bertil ya yi ta faɗa a waya har muryarsa ta dushe, ya ce wannan ce shekarata ta ƙarshe. Ni na rubuta wa iyaye wasiƙar da kaina, layi uku, babu hoto, na ce babu wanka a bana. Goma sha biyu suka janye 'ya'yansu.

Sauran suka zo a Yuni, cikin zafi mai sa kwalta laushi. Sabuwar gada na ƙamshin katako, na ɗaure bakinta da sarƙa da kwaɗo. Ranar farko na tarar da Tindra a gaban sarƙar, sanye da kayan wanka sababbi, tawul a kafaɗa.

"Duk hunturu nake koyon iyo saboda nan," ta ce, idonta ya ciko. "Na tsane ki, Gunvor."

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai.

Na ce, "Na ji. Zo mu je ki ci abinci."

Na kama hannunta. Ta fizge, na sake kamawa, ban sake shi ba har ƙofar kicin.