Rakiyar Kawu Ishaya

Ladi, kin dame ni da tambayar me ya sa babanki ba ya zama wuri ɗaya. To matso. Ku kuma ku yi shiru, wanda ya yi dariya sai na murɗe masa kunne.

Shekarar da aka haife ki, babanki, Kawu Ishaya, ya tafi fatauci Sudan. Kun san shi da son gani da ido. Ya ji labarin wani kufai a bakin kogi, wai cocin mutanen farko ne. Direban da zai kai shi ya ce ba ya zuwa da rana tsaka. Kawu ya tafi shi kaɗai.

Ba rufi. Yashi ya cinye rabin ƙofa. A bango ga zanen mutane masu manyan idanu, duk inda ya juya suna kallonsa. Ko tsuntsu babu.

Kawu ya yi sallama, don sabo.

Aka amsa.

Wani tsoho ne a gindin bango, da farin mayafi. Hausa yake yi, irin ta kakanni.

"Daga ina?"

"Daga nesa, Baba."

"Ka gani?"

"Na gani."

"To bari in taka maka."

Suka fito. Nan Kawu ya dubi ƙasa. Wayyo! Sawun tsohon yana fitowa a yashi tun kafin ƙafarsa ta sauka.

Kawu ya zura da gudu. Kun ga kuskuren? Wanda ya yi maka rakiya ba ya juyawa sai ka ce ya koma. Kawu bai ce ba.

A masauki, taku a bayan ƙofa. A tasha, taku. Ya tsaya, a tsaya. Ya waiga, ba kowa. Barci ya gagare shi, ga shi kullum gida ƙara matsowa yake, ke kuma kina kwance a zanen goyo, ko suna ba a yi ba.

Kaka ce ta tare shi a ƙofar gida. Ba fuskarsa ta duba ba, ƙasa ta duba.

"Ishaya, wa ya rako ka?"

Ya faɗa mata.

"Ka sallame shi?"

Kawu ya juya, ya durƙusa.

"Baba, rakiyar ta isa haka. Na gode. A gaida gida."

Can murya ta fito, dab da kunnensa.

"Madalla. Yanzu ni ne baƙo. Ko in shiga in ga jaririya, ko a taka mini."

Kina ta tsala kuka a ɗaki. Wallahi duk sanda na tuna wurin nan sai tausayinsa ya kama ni. Ko ruwa bai sha ba. Ya ajiye jakarsa, ya ce, "Mu je, Baba."

Shi ya sa kike ganinsa a hanyar bayan gari, safe da yamma, yana tafe a gefe guda kamar ya bar wa wani wuri. Ya ci abinci a tsaye, ya koma.

Kada wanda ya kuskura ya shiga kufai shi kaɗai. In kuma an taka muku, ku sallami mutum.

Daina kuka, Ladi. Ba hauka babanki yake ba. Tsohon ne har yau bai ce masa ya koma ba.