Kifin Bikin Idaira

Da Idaira ta san abin da za a ɗora a teburin bikinta, da ba ta tanka wa Yeray ba ranar farko.

A bakin tashar ruwa ta Caleta Mansa suka haɗu. Tana wanke akwatunan kifin mahaifinta, shi kuma ya fito daga nutso da baƙi 'yan yawon buɗe ido, tulun iska a bayansa, ruwa na ɗiga daga rigarsa ta roba.

"Kai Kwaɗo, matsa, ka jiƙa min ƙafa."

"Kwaɗon ma yana da suna. Yeray."

"Wa ya tambaye ka?"

Amma ta riƙe sunan.

Garin, wanda ke kan wani ƙaramin tsibiri, bai daɗe da fara ganin baƙi ba. Rana ke kawo su, da ruwa garai-garai, da wani tsohon kifi ƙato mai tabo a leɓe da ake kira Kaka. Yeray ne ya lallaɓa shi har ya saba da mutane, yana zuwa ya goga jiki a hannunsu. Hoton kifin ne a ƙofar shagon nutson da Yeray ke aiki, don shi jirgin fito ke cika da baƙi.

"Tauraruwata, yau Kaka ya tambaye ni ke. Na ce kina jan aji," ya rubuto mata a waya.

"Ka gaishe shi, Kwaɗona. Shi kaɗai ne mai hankali a danginku."

Mahaifinta, Don Chano, masunci ne, kuma bai ga abin dariya ba.

"Mutumin da sana'arsa nuna kifi, ba kamawa ba? Ran da baƙi suka gaji, me za ku ci? Hoto?"

Shi Ayoze yake so mata, ma'aikacin jirgin fito mai albashi. Ayoze ma har gulma ya kawo, wai ya ga Yeray riƙe da hannun wata baƙuwa. Da Idaira ta bincika, sai ta tarar tsohuwa ce mai tsoron ruwa. Ta san ba ƙiyayya ke damun mahaifinta ba. Yayyenta biyu sun bar tsibirin neman aiki, ba su dawo ba, ita kaɗai ta rage masa.

Yeray ya je ya sami Don Chano yana gyaran taru.

"Baba, muddin akwai aiki a ruwan nan, ba inda zan kai ta."

"Muddin," in ji tsohon. Ya ajiye tarun. "To, na ba ka."

A gidan su Idaira, uban amarya ne ke kama kifin biki da hannunsa. Bana kuwa teku ta yi rowa. Kullum Don Chano ya dawo da 'yan ƙanana, kunya ta hana shi cin abinci. Ana gobe biki, da hantsi, sai ga shi ya shigo tasha da jirginsa, yana ɗaga hannu yana dariya.

"Idaira! Kira angon ya ga aikin maza!"

Ta leƙa cikin jirgin. Ta ga tabon leɓen. Kaka ne.

Yeray ya zo ya durƙusa, ya dafa kan kifin.

"Ban shiga inda aka hana kamu ba," in ji Don Chano. "Da kansa ya biyo jirgin. Ko gardama bai yi ba."

"Na sani, Baba. Ni na koya masa cewa mutum ba abin tsoro ba ne."

Tsohon bai taɓa nutso ba, bai taɓa tsayawa ya kalli ƙofar shagon ba, shi ya sa bai gane kifin ba. Ya zauna a bakin jirgi ya haɗa kai da gwiwa.

Idaira ta koma gida tana kuka, ta rubuta: "In ka fasa, ba zan ga laifinka ba."

"Kifi na rasa, ba ke ba. Kar ki makara coci gobe, Tauraruwata."

Aka ɗaura aure. Aka kawo kifin da dankali da miya, kowa ya zuba masa ido, ba mai taɓawa. Don Chano na tsaye da cokali a hannu kamar mai laifi a kotu. Sai Yeray ya miƙa farantinsa.

"Zuba min, Baba."

Ya ci, hawaye na bin fuskarsa. Tsohon ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da zai riƙe ku, ko a nan ko a can."

Bayan biki mai shagon ya sauke hoton, ya ce sai dai a ga yadda baɗi za ta kasance. Wani shago a tsibiri mai nisa ya riga ya yi wa Yeray tayin aiki, bai ba su amsa ba tukuna. Kullum da safe yana sauka ruwa ya duba ramin Kaka, ko wani kifin zai tare a ciki.

Ko baƙi za su dawo, ko jirgi zai ɗauke Idaira kamar yayyenta, har yanzu ba wanda ya sani.