Makaɗin Bayan Labule

Ruwan Duwala ba ya sallama. Ranar da Sirajo ya fara ganin Zinariya ma ruwa ne ya koro shi, ya faɗa wani zaure a lungun unguwar New Bell da buhun albasa a kafaɗa.

Sirajuddeen sunansa, amma a kasuwar Sandaga Sirajo kowa ke ce masa. Daga ƙasar Zamfara ya zo, bayan zaman ƙauyensu ya gagara. Shekarun nan kuwa kowa gudu yake yi. Masu gudun rikicin Bamenda da Kumba sun cika unguwa, mutanen Mora da Kolofata su ma sun gangaro, ɗaki guda sai ka tarar da iyali biyu a ciki.

Zauren yana manne da wani tsohon siton fatu, labule ne kawai ya raba su. A ciki mata da yara suna ta tafi, amma tafin ya ƙi haɗuwa, don an ɗauke wuta, akwatin kiɗansu ya yi shiru. Sirajo ya zauna kusa da wata jarka da babu komai a ciki. Shi dai ya ce bai san lokacin da yatsunsa suka hau kanta ba.

Can sai tafin ya daidaita. Ƙafafu suka fara sauka tare.

Aka ɗaga labule, wata doguwar yarinya ta leƙo, gumi a goshinta, mayafi ɗaure a ƙugu.

"Wane ne mai kiɗan nan?"

"Babu kowa. Ruwa nake jira ya ɗauke."

"To ruwan nan ya iya kiɗa. Ka ce masa kada ya tsaya, yanzu Mami Bih ta kama rawar."

Ta saki labulen. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, mai albasa bai tashi ba.

Bari in gaya muku ko wace ce. Zinariya 'yar Alhaji Abdulsalami ce, babban mahauci a unguwar, wanda rabin masu tsiren New Bell a wurinsa suke ɗaukar nama. Kakanninsa daga Kano suka zo tun zamanin da jirgin ƙasa yake abin kallo. Da 'yan gudun hijira suka yi yawa, Zinariya ta lura da yaransu: ba wasa, ba magana, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai su shige ƙarƙashin gado. Ta roƙi kakarta Dada, mahaifiyar Alhaji, ta ba ta siton, ta tara su tana koya musu 'yar rawa. Yara suka jawo iyayensu mata, iyaye suka jawo kakanni.

Doka ɗaya ce a wurin: wadda ta zo koyo, sai ta koyar da rawar garinsu. Mami Bih, wata dattijuwa daga Bamenda, ita ke koyar da njang. Wata 'yar ƙabilar Basa ta kawo asiko, wadda ake kaɗa wa kwalba da ƙarfe, ƙugu na karkarwa kai bai motsa ba. Matan Bamileke suna duƙawa su yi benskin, 'yan mata kuma ba su yarda a tashi ba sai an yi musu makosa. Dada tana gaba kan kujera da sandarta, tana gyara wa kowa, ko ba a tambaye ta ba.

Daga ranar Sirajo ya zama makaɗinsu. In ya tashi kasuwa sai ya hau babur ya zo, ya zauna a zaure, bayan labule. Bai taɓa shiga ba, ba ya ganin masu rawa. Da kunne yake bin ƙafafunsu. In tsohuwa ta gaji ya sassauta, in yara suka yi zafi ya bi su. Cikin ɗan lokaci ya kama kiɗan kwalba, ya kama na njang, har Mami Bih ta ce, "Wannan pikin, yaron nan, a Bamenda aka haife shi, uwarsa ce ta manta."

Wata rana ya zo da wani abu naɗe cikin tsohon zane. Kalangun mahaifinsa ne, abin da kaɗai ya ɗauko ranar da suka bar gida. Da ya matse shi a hammata ya taɓa sau ɗaya, sai aka ji Dada ta ce daga ciki, "Kai! Wa ya kawo wannan Duwala?"

Soyayya kuwa ba ta jira an ɗaga labule ba. Waya ta yi musu aikin.

"Mai albasa, yau ka yi sauri a njang. Mami Bih ta ce in ja maka kunne."

"Zinarina, ba laifina ba ne. Ƙafarki na ji ta shigo, hannuna ya rikice."

"Yaya aka yi ka san tawa a cikin ƙafafu masu yawa haka?"

"Kowa ƙasa yake takawa. Ke zuciyata kike takawa."

"Sheri, masoyina, ka rage zaƙin baki, albasa kake sayarwa ba zuma ba."

To, ba a rasa mai kallo da wani ido. Akwai Mukhtar, ɗan unguwa, mai aiki a tashar jiragen ruwa, mai mota da turare. Ya daɗe yana kai gaisuwa gidan Alhaji, Zinariya tana amsa masa da "mersi", godiyar Faransanci, ta wuce. Da ya ji Sirajo na shirin neman izini, sai ya tafi Sandaga ya zauna da Zamfarawa ya sha shayi, ya dawo wa Alhaji da labari.

Alhaji ya aika aka kira Sirajo. Ya zo ya tsuguna a bakin tabarma.

"Yaro, ba a faɗa mini mugun hali a kanka ba. Amma an ce ubanka makaɗin mahauta ne."

"Haka ne, Baba. Shi da kakana."

"To ka san tsakaninmu. Ku ke bin mu da kalangu ranar kasuwa, mu yanko tsoka mu ba ku. Yau kuma 'ya zan yanko in ba ku?" Sannan ya ce, "Yarinyar na sonka, na gani. Ka rabu da gangar nan, ka rantse mini ba za ka ƙara taɓa kiɗa ba, in ba ka ita. Je ka yi tunani."

Sirajo ya daina zuwa zaure. Sito ya koma ga akwatin kiɗa, in an ɗauke wuta a zauna. Mukhtar ya tare Zinariya a hanya, yana kaɗa makullin mota, ya ce ai mutumin nata ya amince, har yana neman wanda zai karɓi kalangun.

Zinariya ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da ta shiga gida ta ɗauki waya.

"An ce ka yarda ka yar da kalangun babanka saboda ni. In gaskiya ne, kada ka turo kowa. Namijin da ya ji kunyar ubansa, wata rana zai ji kunyata. Ni mai rawa ce, kuma ba zan daina ba."

Amsa ba ta zo ba sai washegari da hantsi.

"Zinarina, yanzu na fito daga wurin Baba. Na ce masa albasa ce sana'ata, ban taɓa roƙon kowa da kalangu ba, kuma ba zan fara ba. Amma da shi aka ciyar da ni, ba zan rantse in ƙi shi ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na rasa ki ke nan, amma ban yi miki ƙarya ba, ban yi wa mahaifina ba."

Nan ne ta yi kukan. Dada ta same ta, ta sa aka karanta mata saƙon, ta ce a sake karantawa. Sai ta ɗauko goro ta ɓara.

Ana cikin haka hutun makaranta ya zo ƙarshe, matan sito suka shirya nuna wa unguwa abin da suka koya. Wajen shiri Mami Bih ta dubi Zinariya ta ce, "Kowa ya kawo ta garinsu. Ku Hausa fa, taku tana ina? Ko ta cikin waya ce kawai?"

'Yan matan New Bell suka kalli juna. An haife su a nan, an haifi iyayensu a nan, makosa ta fi zama a ƙafarsu.

Dada ta buga sanda a ƙasa. "Muna da ita. A kira mini yaron nan da gangarsa. Shi kuma Abdulsalami a ce masa in ni na haife shi, ya zo ya zauna a gaba."

Ranar aka kafa rumfa a bakin titi bayan la'asar, maza gefe, mata gefe. Alhaji ya zo fuska a ɗaure, tsofaffin mahauta suna bayansa. Yaran nan da a da ko ƙofa ba a bugawa a gabansu suka fito suka yi njang, suna dariya har da tsalle. Mami Bih tana tafi tana share hawaye da gefen zane. Aka yi asiko, aka yi benskin, wata jikar Bafulatana da 'yar Bamileke suka riƙe hannu suka yi makosa, unguwa ta ɗauki sowa.

Sai Dada ta miƙe. Ta dogara sandarta har gaban Sirajo, wanda yau babu labule a gabansa. Ta sunkuya ta rera masa wani abu a hankali.

"Ka san shi?"

"Taken mahauta ne, Dada. Amma akwai wani juyi a ƙarshe da ban sani ba."

"Na mijina ne. Kama."

Ya kama. Kalangu ya yi magana, siririyar murya mai shiga ƙashi. Tsohuwa ta miƙa wa jikarta sanda, ta buɗe hannuwa, ta fara takawa, kafaɗa na hawa na sauka.

Alhaji Abdulsalami bai ƙara jin wannan take ba tun yana yaro riƙe da rigar ubansa, kafin makaɗin New Bell na ƙarshe ya rasu. Ya dafe gwiwarsa, gwiwa ta ƙi zama. Wani tsoho a bayansa ya yi kururuwa ya ɗaga hannu yana jinjina, wani ya bi shi. Ai mahauci ba ya jin takensa yana zaune. Sai ga Alhaji tsaye, babbar riga na rawa, hannu a sama, yana kiran sunan ubansa.

Da kiɗa ya tsaya, Dada ta zo gabansa tana haki. Ba ta ɗaga murya ba, amma na kusa sun ji.

"Abdu, lokacin da ubanka ya zo nemana a Garwa, mutanenmu cewa suka yi Bafulatani ba ya ba mahauci 'ya. Suka ce ya bar wuƙa tukuna. Ya ce da wuƙar aka raine shi. Babana ya dube shi ya ce, wanda bai sayar da ubansa ba, ba zai sayar da 'yata ba. Da ya bi ta mutane, da yau babu kai, babu wannan rigar."

Alhaji ya dubi rigarsa. Sannan ya juya.

"Sirajuddeen."

"Na'am, Baba."

"Ka turo magabatanka."

Sirajo ya durƙusa, kalangu na rataye a kafaɗarsa. "Baba, ba ni da kowa a garin nan."

"Wa ya ce?" Mami Bih ce ta ratso mutane. "Ni ce mamansa. A rubuta!"

Tsohon da ya fara jinjina ya ce, "Ni kuma ubansa. Makaɗinmu ne, mu za mu nema masa." Aka fashe da dariya, mata suka rangaɗa guɗa. Zinariya ta rufe fuska da mayafi, tana riƙe da sandar kakarta kamar za ta karya ta. Mukhtar dai ba a ga lokacin da motarsa ta bar wurin ba.

An ɗaura aure bayan damina ta yi sauƙi. Mahauta suka yi wa ango waliyyi, 'yan albasa na Sandaga suka cika masallaci, matan sito suka yi anko, kowace ƙabila ta raka amarya da rawarta har ƙofar ɗaki. Dada ta kama hannun su biyun ta haɗa, ta ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'yan da ba za su ji kunyarku ba."

Bayan biki Alhaji ya sa aka gyara ɗaya gefen siton domin maza da samari, Sirajo yana koya musu kiɗa da taku. Ɗalibin da ya fi kowa tsufa, kuma ya fi kowa zuwa da wuri, shi ne Alhajin da kansa. In an tambaye shi sai ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini.

Allah Ya bar su tare, Ya kwantar da tarzomar da ta raba mutane da garuruwansu, mu kuma Ya sa mu ga na 'ya'yanmu da jikokinmu. Amin.