Tsohuwar da Ta Ce Da Sauƙi

A can wani gari mai nisa, an yi wata ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin mata a asibiti. Wata rana da hantsi aka kwantar da wata tsohuwa, mijin 'yarta yana zaune a gefen gado.

Ma'aikaciyar ta ce, "Iya, ya jiki?"

Tsohuwa ta ce, "Da sauƙi, 'yata."

Marasa lafiya suna ta jira, har ta juya za ta wuce. Sai ta hangi gumi a goshin tsohuwa, ga kununta ko taɓawa ba ta yi ba. Ta sake tambaya.

"Da sauƙi, 'yata," in ji tsohuwa, tana satar kallon surukinta.

Nan ma'aikaciyar ta gane. Ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri, zan gyara gado."

Da ya fita, ta ja labule, ta durƙusa. "Iya, yanzu daga ni sai ke. Ya jiki?"

Hawaye ya zubo wa tsohuwa. "Kwana biyu ban yi fitsari ba. Yaya zan faɗi wannan a gaban suruki?"

Da gudu ta kira likita.

Bayan mako guda ta ce, "Iya, ya jiki?"

Tsohuwa ta yi dariya. "Da sauƙi, 'yata. Yau kam da gaske nake."